Sisin gwal mai layi a fuska: nazarin tsaba shida da aka gada a Abuja

Wata dattijuwa ta rasu a Abuja, cikin abin da ta bari har da sisin gwal shida, kowanne a naɗe cikin ƙyalle a wani ɗan gwangwani. Magadanta uku ne, namiji ɗaya da mata biyu. Kafin a zauna rabo, babbar 'yar ta kai tsabar wurin wani mai sayen zinare a kasuwar Wuse don a san kimarsu. Ya ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan mai shekarar 1912 sai ya dakata ya ce, “Hajiya, wannan ya tsage, sai dai narkawa. Zan cire kuɗin giram ɗaya.” Ƙanenta kuwa ya sha ganin bidiyo a waya ana cewa tsabar da aka yi kuskure wajen buga ta tana tashi miliyoyi, don haka ya ce, “Yaya, kada ki sayar, ai wannan layin shi ne dukiyar.” Aka dakatar da rabon har sai an sami wanda zai duba.

Da ɗan kasuwar da magajin, babu wanda ya faɗi daidai. Kuma babbar matsalar da ke cikin gwangwanin ba a jikin wannan tsabar take ba, tana jikin wasu biyu da kowa ya yaba kyansu.

Abin da ke hannu

Duk shidan fam ne na zinare na Ingila, ko kuma sun zo da kamarsa. A 1817 aka fara buga shi a wannan tsari: nauyi giram 7.99, faɗi milimita 22.05, kauri wajen milimita ɗaya da rabi, karat 22. Wato kashi 11 cikin 12 zinare ne, ragowar galibi jan ƙarfe ne da aka zuba don ya yi ƙwari, tsantsar zinaren da ke ciki giram 7.32. A dokar Ingila, idan yawo a hannu ya goge shi har ya gaza giram 7.94, ya daina zama kuɗin da za a tilasta wa mutum karɓa. Wannan adadi yana da amfani har yau, domin tsohon sisin da ya faɗi tsakanin 7.94 da 7.99 nauyinsa lafiya lau ne.

Ba a Landan kaɗai aka buga shi ba. Na Landan ba shi da harafi. Na rassa kuwa kowanne da nasa: S na Sydney, M na Melbourne, P na Perth, duk a Ostireliya, C na Ottawa a Kanada daga 1908 zuwa 1919, I na Bombay a Indiya a 1918 kawai, SA na Pretoria a Afirka ta Kudu daga 1923 zuwa 1932. A masu hoton mahayin doki na zamanin Sarki Edward na Bakwai da Sarki Joji na Biyar, harafin yana kan ƙasar da dokin ya taka, saman tsakiyar shekarar. Ƙarami ne ƙwarai, sai da gilashi.

Kayan dubawa ba su da yawa: sikelin da ke karanta giram har 0.01, wanda aka gwada shi da sanannen nauyi kafin a fara. Ma'aunin faɗi da kauri, zai fi kyau mai bakin roba. Gilashi mai ƙara girma sau goma. Tocila guda ɗaya. Da ƙyalle mai laushi a shimfiɗe a kan tebur. A gefe ake riƙe tsaba, ba a dafa fuskarta. Asid da dutsen goga da zarto duk an ajiye su waje ɗaya. Suna da amfani ga sarƙa da awarwaro, amma tsabar da aka goga a dutse ta yi tabon da ba zai fita ba, kuma idan ta kasance mai daraja ce, gwajin da kansa ya rage mata kuɗi.

Yadda layi ke hawa kan tsaba

Sisin gwal na gaske ba zubi ba ne, bugu ne. Ana murje zinaren ya zama falle, a huda a fitar da faifai marasa zane, a gasa su su yi laushi, a ɗan ɗaga musu baki. Sai a sa kowane faifai tsakanin hatimai biyu na ƙarfe mai tauri, na sama da na ƙasa, da wani zobe mai haƙora kewaye da shi. Bugu ɗaya mai nauyin tan da dama ke tura zinaren ya cika duk wani lungu na hatiman, ya kuma matsu da zoben ya fito da haƙoran gefe. A jikin hatimi komai a juye yake. Abin da yake rami a can shi ne tudu a kan tsaba, abin da yake tudu a can kuma rami ne a nan. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya gama rabin aikin.

Ƙarfen hatimi an ƙona shi an tsoma don ya yi tauri, kuma taurin nan yana zuwa da gautsi. Bugu dubbai yana gajiyar da shi, gajiyar kuma tana taruwa a wurare biyu: kusurwoyin haruffa masu kaifi, da kusa da baki inda naman ƙarfen ya fi siranta. Daga nan tsaga ke farawa, siririya kamar gashi. Tsaga a hatimi rami ce, zinare zai shiga ya cika ta, sai ta fito a kan tsaba a matsayin layi mai tudu. Mai buga bulo ya san wannan: idan kwanon bugun ya dare, kowane bulo da ya fito daga cikinsa zai zo da ɗan ƙunci a wuri guda, alhali bulon da kansa lafiyayye ne. Haka duk tsabar da aka buga bayan tsagewar za ta ɗauki layin, yana ƙara tsawo da kauri, har ranar da aka cire hatimin. Idan aka yi jinkiri, wani ɓangare na bakin hatimin yakan ɓalle ya faɗi, sai tsaba ta fito da curin zinare marar zane a baki, kuma daidai bayan curin, a ɗaya fuskar, zanen yakan yi rauni saboda zinaren ya gudu ya cika ramin.

Akwai wasu layuka uku da ake rikita su da wannan. Karce yana zuwa ne bayan tsaba ta bar gidan bugu, kuma rami ne. Tsagewar faifan zinaren kansa, wadda ƙazanta ko iska da ta maƙale tun wajen narkawa ke jawowa, ita ma rami ce, bakinta a yage, takan zagaya ta gefe ko ta ɓullo ta baya, wani lokaci fatar zinaren ta ɗago kamar za ta ɓare. Na uku layukan gogar hatimi ne: ma'aikata sukan goge fuskar hatimi, sai a ga sirara-siraran layuka masu tudu a jere a filin tsaba, suna tsayawa a gindin harafi su ci gaba ta ɗaya gefen ba tare da sun hau kansa ba. Karcen wanki kuwa yana hawa kan haruffa da fuskar sarki, don su ne suka fi tasowa.

Duba mai shekarar 1912

Nauyinsa giram 7.97, faɗi 22.05, babu harafi a ƙarƙashin dokin, kuma Landan ta buga a wannan shekara. Zuwa nan babu abin zargi.

An kashe fitilar ɗaki, aka kwantar da tocila kusan daidai da tebur ta hagu, hasken na sharar fuskar tsabar. A irin wannan haske abu mai tudu yana haskawa ta gefen da ke fuskantar tocila, inuwarsa ta faɗi ta bayansa. Rami kuwa akasin haka ne: bangonsa na kusa da tocila yana cikin duhu, na nesa ke haskawa. Ido yakan ruɗe a nan, musamman a hoton waya, inda tudu kan koma rami idan aka juya hoton. Dabarar da ba ta ruɗi ita ce kwatanta layin da harafin da ke kusa da shi. Harafi dai an san tudu ne. Idan layin da harafin suna haske ta gefe guda, suna jefa inuwa ta gefe guda, to layin tudu ne. An yi haka, aka mayar da tocilar dama aka sake, sakamakon bai canza ba.

Layin ya taso daga baki, ya ratsa saman haruffan BRITT a rubutun da ke kewaye da kan sarki yana haɗa su, tsawonsa kimanin milimita shida, yana ƙara sirancewa har ya ɓace a fili kafin ya kai kan. Ba miƙaƙƙe ba ne, yana karkacewa yana bin kusurwoyin haruffa, wanda shi ne halin tsagar ƙarfe. Wuƙa ko allura miƙewa take yi, ko ta yi lanƙwasa ɗaya mai santsi.

Saura tambaya ɗaya, domin karce mai zurfi yakan ture zinare gefe ya tayar da ɗan tudu, kuma akwai masu yin haka da gangan don su sayar da abin a matsayin kuskuren bugu. Irin wannan tudu ba ya rabuwa da kwari a gefensa, tunda daga nan aka turo zinaren, kuma cikin kwarin yakan fi sauran jiki ƙyalli. A nan babu kwari ko ɗaya. Launin layin ɗaya ne da na filin da ke kewaye, kuma samansa ya goge daidai da yadda saman haruffan ya goge, alamar tare suka yi shekarunsu. Ta baya babu komai daidai wurin, haƙoran gefe ma cikakku ne. Daga ƙarshe aka ɗora tsabar a kan ɗan yatsa aka taɓa gefenta a hankali da fensir, ta yi ƙara mai tsawo, tas. Faifan da ya tsage a ciki ba ya wannan amo, ƙararsa a dushe take kuma nan take ta mutu.

Hukunci a kan wannan tsaba: hatimi ne ya tsage, zinaren bai tsage ba. Ba a rasa ko ƙwayar zinare saboda layin ba, don haka cire kuɗin giram ɗaya ba shi da tushe. Giram ɗaya kashi ɗaya cikin takwas ne na tsabar gaba ɗaya, ba ƙaramin ragi ba ne a kan abin da ba aibi ba.

To ko layin ya ƙara mata kuɗi? Bai ƙara ba. Landan ta buga sama da miliyan 30 a 1912 kaɗai. Adadi irin wannan yana cin hatimai masu yawa, kuma ba a jefar da hatimi don ya yi siririyar tsaga, ana ci gaba da aiki da shi. Saboda haka irin wannan layi abu ne da mai yawan duba tsofaffin tsaba yake gani a kai a kai. Masu tara tsaba suna biyan kuɗi ne a kan abu uku: ƙarancin shekara haɗe da gidan bugu, kyan jiki, da bambancin da aka sani aka rubuta a kundayensu. Misalin na farko shi ne 1917 na Landan da 1920 na Sydney. Misalin na uku shi ne na 1859 da ake dangantawa da George Ansell, wani ma'aikacin gidan bugun Landan, wanda ya gyara wani gautsin zinare har ya bugu, aka ƙara layi a ƙyallen gashin Sarauniya Biktoriya don a gane su, da kuma na 1863 mai lamba 827 a gindin wuya. Siririn layi a kan shekarar da ta cika kasuwa ba ya cikin wannan sahu. Wasu masu saye ma sun fi son fuska mai tsabta, idan aka ajiye musu biyu za su ɗauki marar layin.

Kurakuran da ke da kuɗi na gaske manya ne: bugun da ya kauce tsakiya har wani ɓangare ya fito babu zane, bugu biyu a kan juna, curin baki, ko tsabar da ta maƙale a hatimi ta buga hotonta a juye a kan wadda ta biyo bayanta. Sun yi ƙaranci a zinare fiye da a kwabo, kuma dalilin a bayyane yake. Zinare ɗaya bayan ɗaya ake auna shi a gidan bugu, abin da ya kauce a mayar da shi tukunyar narkawa, sannan Ingila tana da tsohuwar al'ada ta ɗaruruwan shekaru inda ake ɗebo samfuri a gwada a gaban masu shaida. Shi ya sa idan aka kawo maka sisin gwal mai babban kuskure, zargi ya kamata ya riga murna. Bidiyoyin da magajin ya gani yawancinsu a kan ƙananan kuɗin Amurka ne, irin kwabonsu na 1955 mai ninkakken rubutu, kuma sau da yawa farashin da mai kaya ya nema ake nunawa, ba wanda aka biya ba. Akwai kamfanonin tantancewa irin NGC da PCGS da ke rufe tsaba cikin roba da shaidarsu, amma ga wannan tsabar kuɗin aiki da na aikawa da inshora za su cinye fiye da duk abin da ake fatan samu.

Na Sarauniya Biktoriya, 1871

Wannan shi ne mafi tsufa, mai garkuwa da kambi a baya maimakon doki, shekararsa a ƙarƙashin kan Sarauniya, nauyi 7.95. Magajin ya ga abubuwa uku da ya ɗauka kurakurai ne. Na farko, idan aka juya shi dama zuwa hagu sai garkuwar ta fito a kife. Haka aka tsara su a wancan zamani, sai daga sabon hoton Sarauniya na 1887 aka koma jera fuska da baya kai ɗaya. Na biyu, wata 'yar lamba a ƙarƙashin ganyen da ke kewaye da garkuwar. Lambar hatimi ce, Landan ta riƙa sa ta daga 1863 zuwa 1874. Na uku ne kawai ya shafi bugu: sandar tsakiyar harafin A na ƙarshe a kalmar GRATIA ta kusa ɓacewa. A gilashi ana ganin burbushinta, kuma haruffan kusa ma sun ɗan yi laushi, wanda ke nuna maiƙo da dauɗa ne suka cushe ramin hatimi, zinare bai samu shiga ba. Abu ne da ke zuwa ya wuce da zarar an share hatimin.

Duk da haka wannan ce tsabar da ta cancanci a ware. Masu garkuwa suna da masu nema, kuma wannan gashin Sarauniya bai shafe ba, ba a taɓa wanke shi ba. An so a kai shi wurin maƙeri ya haskaka shi kafin a nuna wa mai saye, aka hana. Injin goge zinare, man goge baki, toka, omo da soso, duk suna cire fatar bugu ta asali su bar dubban ƙananan karce, kuma mai tara tsaba yana gane wankakkiya da kallo ɗaya. Dauɗar da ke lungun haruffa ba ta rage kuɗi, wanki ke ragewa.

Na 1908 mai harafin P, na Sarki Edward, nauyi 7.98, ba shi da abin cewa. Na 1927 mai SA kuwa nauyinsa 7.90, kuma a saman gefensa haƙora shida ko bakwai sun baje, launin wurin ya ɗan bambanta. An taɓa liƙa masa kunne aka rataya a sarƙa, daga baya aka cire aka goge da zarto. Fuskarsa ta yi santsi da ƙananan ramuka irin na abin da ya daɗe yana gogar fata da tufafi, akwai kuma dogon karce a wuyan sarki wanda a hasken tocila ya nuna rami ne sarai. Na gaske ne, amma kuɗinsa na zinaren da ke ciki ne kawai.

Biyun 1921

Su ne suka fi ƙyalli, nauyin kowanne 7.99 cif, kuma mai sayen na Wuse bai yi musu ƙorafi ba. Abin da ya fara jan hankali shi ne babu harafi a ƙarƙashin dokin. Landan ta tsaya da buga fam na zinare a 1917, ba ta sake ba sai 1925. A 1921 Sydney da Melbourne da Perth ne kaɗai suka buga. Maiƙo yana iya cushe harafi ya ɓace a tsaba ɗaya, shi ya sa ba a yanke hukunci da wannan kaɗai ba, aka jera su biyun ƙarƙashin gilashi.

Dukansu suna da ɗan layi mai tudu daga baki zuwa wutsiyar dokin, a wuri guda. Wannan ba laifi ba ne, tsaba biyu daga hatimi ɗaya za su iya zuwa da tsaga iri ɗaya. Amma dukansu kuma suna da ɗan lotsawa a kuncin sarki, da wani a fili gaban goshi, girma ɗaya, siffa ɗaya, wuri ɗaya. Lotsawa irin wannan tabon haɗuwa da wasu tsaba ne a jaka, kuma tsautsayi ba ya maimaita kansa daidai wa daida a jiki biyu. Bayani ɗaya ne: an ɗauki sisin gaske an kwafi hatimi daga jikinsa, tabonsa da layinsa duk suka shiga sabon hatimin, suka riƙa fitowa a kan duk abin da aka buga. Cikin lotsawar ma bai da ƙyallin sabon rauni, fatarsa ɗaya da ta filin. Gefunan haruffa sun yi kumburi babu kaifi, gashin wutsiyar doki ya haɗe, haƙoran gefe wasu sun fi wasu faɗi. Wannan ya isa ya nuna cewa layi mai tudu ba shaidar asali ba ne. Ana kwafo shi, kuma hatimin masu kwaikwayo ma yana tsagewa, har ya fi na gwamnati saurin yi.

Sai gwajin ruwa. Ana ɗora ƙaramin kofi da ruwa a sikeli a mayar da shi sifili, a ɗaure tsaba da siririn zare a nutsa ta ba tare da ta taɓa ƙasa ko bango ba, a kaɗe kumfar da ta maƙale. Abin da sikeli ya nuna shi ne nauyin ruwan da ta ture. A raba nauyin tsabar da wannan adadi. Karat 22 mai jan ƙarfe yana ba da wajen 17.5, ruwan da ya ture kimanin giram 0.455. Karat 21 yana ba da ƙasa da 17, ruwan kimanin 0.473. Tazarar ba ta kai 0.02 ba, don haka sikelin da ke tsayawa a 0.01 ba zai raba su da tabbaci ba. Zai kama jabun tagulla ko karat 18, amma wannan aiki sai mai karanta 0.001. Da irinsa aka auna: na 1912 ya ba da 0.454, biyun nan suka ba da 0.473 da 0.474. An kai su na'urar gwajin zinare ta haske ta nuna kashi 87 da ɗoriya cikin ɗari, wato karat 21. Na'urar fatar sama kawai take karantawa, shafe mai kauri yana iya yaudararta, amma da yake ta yi daidai da gwajin ruwa, an tabbata zinaren har ciki ne.

Ba lallai ne an cuci marigayiyar ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fam ɗin zinare yana tsada fiye da zinaren da ke cikinsa a Gabas ta Tsakiya, sai masu sana'a a Italiya da Lebanon suka shiga buga kwaikwayo, wasu da zinare mai kyau. Ingila ta sake buga masu shekarar 1925 tsakanin 1949 da 1951, sannan daga 1957 ta koma bugawa da yawa, kuma karya kasuwar masu kwaikwayon yana cikin dalilan. Har yau a kasuwannin zinare na ƙasashen Larabawa ana sayar da kwaikwayo na karat 21 a fili a matsayin kayan ado, a kan nauyi. Mai yiwuwa haka ta saye su da saninta. Matsalar tana tasowa ne idan suka canza hannu aka ƙirga su a matsayin na Ingila, a sadaki ko a gado.

Lissafin rabo

Tsantsar zinaren kowace tsaba ita ce nauyinta sau 0.9167 ga karat 22, ko sau 0.875 ga karat 21. Na 1912 ya tashi giram 7.31, na 1871 ya tashi 7.29, na 1908 ya tashi 7.32, na 1927 ya tashi 7.24 kafin a cire ɗan abin da liƙin ya bari, biyun 1921 kowanne 6.99. Jimla 43.14, maimakon 43.92 da za a samu in an ɗauka duk cikakku ne. Da an raba da ƙirga, wanda biyun masu ƙyalli suka faɗa wa ya yi asarar giram 0.66 bai sani ba, wanda kuma ya karɓi na 1871 ya tafi da ƙarin da ba a lissafa ba. Ƙirgar ma ba za ta yiwu ba, tunda namiji rabi ne, mata rubu'i-rubu'i, kowace mace tsaba ɗaya da rabi ke nan.

An yi wa kowace tsaba kima da kuɗi a kan farashin zinare na ranar, bayan an ji ta bakin masu saye uku a shaguna daban-daban. Biyun 1921 da na 1927 aka sayar a matsayin zinaren narkawa, kuma aka faɗa wa mai sayen abin da suke, don kada su koma kasuwa da sunan na Ingila. Na 1912 da na 1908 aka sayar a farashin cikakken sisin gwal, ba ragi ba ƙari. Ƙaramar 'yar ta so a musanya nata kason da sarƙa kai tsaye, malamin da ke rabon ya tunatar cewa zinare da zinare sai nauyi daidai kuma hannu da hannu, don haka aka sayar aka ba ta kuɗi ta saya da kanta. Na 1871 babbar 'yar ta riƙe a cikin kasonta a kan kimar da su ukun suka amince da ita, sama da kuɗin zinarensa. An ɗauki hoton fuska da baya da gefe, aka rubuta nauyi da lambar hatimi a takardar rabon, aka fitar da shi daga ƙyallen aka sa a 'yar robar ajiyar tsaba mai tauri, shi kaɗai, don kada ya sake gogar wani ƙarfe.